Kati Mai Lamba Tamanin da Bakwai

Kakana Ovila, a Timmins ta ƙasar Kanada,
yana da ɗaki a ƙarƙashin gida
inda ko sanyi sai ya yi sallama kafin ya shiga.
Bango uku duk gilashi,
bayan gilashin fuska ɗaya:
saurayi mai giɓi, ya duƙa riƙe da gora,
takalman ƙanƙara a ƙafa, kunnuwa fatan-fatan.
Fuska ɗaya, sau ɗari biyu da goma sha huɗu.

Ni nawa katunan 'yan yayi ne,
suna walƙiya kamar bayan kifi.
Wani an manna masa ƙyallen riga
da aka ce ɗan wasan ya yi gumi a cikinta,
wani guda ashirin da biyar kacal aka buga a duniya.
Na aika su wajen masu tantancewa,
suka auna kusurwa, suka leƙa gefe,
suka kulle min su a roba mai tauri
da maki a goshi: tara, tara da rabi, goma.
Ban san taushinsu ba. Ban taɓa taɓa su ba.

Kaka kuwa shinshina nasa yake yi.
Ya ce har yanzu akwai ƙamshin cingam,
na ce ƙamshin tsohon kwali ne,
ya ce hancina bai yi makaranta ba.

Fernand ke nan, yayansa.
Wasa tara ya buga a babbar gasa,
ƙwallo ɗaya ya ci,
ita ma wasu sun ce ƙafar abokin hamayya ta taɓa.
Sai gwiwa ta ce ta gaji.
Ya dawo gida a jirgin ƙasa na dare,
ya karɓi fitilar goshi, ya shiga ramin zinariya,
ƙurar dutse ta cinye masa huhu a hankali
kamar gara a jikin azara.

Duk Asabar ta farkon wata
'yan kasuwar kati na baje teburi a zauren coci.
Da sun hango hularsa sai su ce: ga mai Fernand.
Littafin farashi ya ce dala biyu.
Wata mata daga Cochrane ta miƙa masa kyauta,
ya zaro kuɗi ya ajiye,
ya ce ba a ba da yayansa gyara.

Na farkon yana tsakiya, shi kaɗai.
Yana ɗan shekara goma sha ɗaya ya same shi,
ya maƙale shi da maƙalin shanya a ƙafar keke
ya zagaye unguwa, ratatata, ratatata,
don kowa ya ji Charbonneau na wucewa.
Kusurwa babu, rabin suna ya goge,
tsagi ya ratsa ta kan hanci.

Da zai cika tamanin na sace shi,
na aika can, a asirce.
Ya dawo a kulle, yana sheƙi,
a goshinsa an rubuta: ɗaya.

Na miƙa masa, kunya ta ishe ni.
Ya gyara tabarau, ya duba,
ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Ƙwallo ɗaya, in ji shi, ashe sun iya lissafi.

Sai ya tashi ya ɗauko filaya.
Na ce Kaka, dala arba'in na biya!
Roba ta yi ƙara, ta tsage.
Ya ce shekara ashirin da shida ya yi a rami, Maëlle,
ba mai sake rufe shi.

Ya ɗora min shi a tafin hannu.
Laushi gare shi kamar tsohon zane.
Na kai hanci, ban ji cingam ba,
amma ban faɗa masa ba.